Babaji Mai Sunan Kaka

A gidan Malam Ayuba majemi da ke unguwar Yerimaram a Potiskum, ba wanda ya isa ya ambaci sunan tsohon, ko bayan rasuwarsa. Da aka haifi jikansa aka mayar masa da sunan, sai kunya ta sa kowa ke kiran jaririn Babaji, wato mai sunan baba. Daga nan aka lalata yaro. Uban ba ya iya tsawata masa, wai yaya zai ɗaga wa mahaifinsa murya. Uwar kuwa har rusunawa take in za ta miƙa masa tuwo.

Yayarsa Hanatu ce ta goya shi, ita ce kuma ta fi kowa ƙyamar abin da ya zama. Kakansu da ƙafa ya tako daga Kano zuwa Potiskum, ya yi ta jima har hannuwansa suka tsattsage. Shi kuwa Babaji, lokacin da sa'anninsa ke shiga soja ko fafutuka a kasuwar shanu, yana kwance gindin dalbejiya yana sakace, gemu duk miya.

Ranar sadakar bakwai ta mahaifinsu, Hanatu ta tarar da shi a madafa, ya tsoma hannu cikin tukunyar baƙi yana tsamo nama yana lashe yatsu. Ta ƙwala sunan da ba a taɓa faɗa a gidan ba: "Ayuba!"

Mata suka kama baki, ana ta salati. Babaji ko ɗago kai bai yi ba. Bai ma san da shi ake ba.