Yadda Na Raba Salamatu da Uwarta

Kafin sunana ya ɓaci, ni ɗan kabu-kabu ne, ina jigilar mutane a moto tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa. Ubana masunci ne, bai taɓa cin abin kowa ba har ya koma ga Allah. Na yi lakwal, wato makarantar boko, aji biyar na gudu, don tun ina ƙarami ba ni da haƙurin jiran komai. Ba zan faɗi sunana ba, waɗanda suka san ni sun san ni. Abin da nake so ku ji, ku samari da 'yan mata, shi ne yadda na raba wata baiwar Allah da uwarta, da abin da ya biyo baya.

Cutata da ƙanana ta fara. In na ɗauki baƙo sai in zagaya da shi ta doguwar hanya, in na sayar da mai sai in ha'inci mudu. Ina da baki, ina kuma da kunne, kafin in sauke fasinja na san abin da ya dafa jiya. Ni a lokacin wayo nake kiran wannan, ina ma alfahari da shi, sakarai kawai.

Wata rana na ɗauki wani dattijo mai fararen kaya da sanyin murya zuwa wata garka, wato lambu, a bayan tafki. Ana ce masa Baba Mai Garka, wai yana ba da ruwan addu'a. A hanya na cika shi da labarin fasinjojina yana ta dariya. Da muka isa ya riƙe hannuna ya ce ban san baiwar da Allah ya yi mini ba, irina ba a barin shi yana shan rana a tasha. Wallahi tunda uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa yabona haka. Da wannan yabon ya saye ni, tun kafin ya ba ni ko dala.

Aikina na farko mai sauƙi ne. In ɗauko masu neman Baba daga tasha, in ja su da hira, sai in tsaya a hanya wai zan duba taya, in koma gefe in buga masa in zayyana komai. Mutum na isa, tun bai buɗe baki ba, Baba zai faɗi sunan ɗansa da ya rasu ko ciwon da ke damun matarsa. Na ga ƙattin maza suna faɗuwa suna kuka. Musulmi na zuwa, Kiristocin Maradi ma na zuwa, kowa Baba ya yi masa magana da irin bakin da ya saba ji.

Waɗanda ya ga sun kamu sosai, sai ya ce maganinsu ba zai ci ba sai sun zauna a garka. A nan na ga yadda ake mallakar mutum. Makon farko gata ne zalla, abinci mai kyau, suna sabo, kowa na ce maka ɗan'uwa. Daga nan sai aiki tun asuba a kan albasa da kabeji, tuwo sau ɗaya, barci kaɗan, har mutum ya rasa ƙarfin yin tunani. Ran Alhamis a taru, kowa ya faɗi laifin da ya ga wani ya yi, wanda ya ce bai ga komai ba shi ne munafuki. Miji ya kai ƙarar mata, mata ta kai ƙarar miji. Baba ya hana zuwa biki, ya hana zuwa gaisuwar mutuwa, wai na waje suna ɗauke da dauɗa. Mutumin da aka yi rasuwa a gidansu bai je ba, da wane ido zai koma garinsu?

Saluloli kuwa ni aka damƙa wa. Kowa ya kawo tasa a zuba a akwatin ƙarfe, wai don kada shaiɗan ya bi iska ya same shi, in an kira, ni zan sanar. Ni nake saurarar saƙonnin murya, in kai wa Baba abin da zai yi amfani da shi, sauran in goge. Na taɓa tambayarsa amfanin gogewar, ya ce muddin mutum ya san akwai gidan da za a buɗe masa ƙofa, to rabinsa kawai ke wurinmu.

Ana haka Salamatu ta zo da mijinta Isa, manomi daga garin Sarkin Yamma. Ciki uku ta yi ba ɗa a hannu, na ƙarshen sai da aka yi mata aiki aka ciro shi ba rai, kuma a gidan likita aka gargaɗe ta kada ta ƙara gwada haihuwa a gida. Mace ce mai kirki. Ƙanena take ce mini, ni ina ce mata Yaya, kuma kullum sai ta ɓoye mini ƙanzon tukunya. Wata huɗu da zuwansu ta samu ciki, Baba ya ce aikin ruwansa ne, ya dinga nuna ta ga baƙi. Ya ce a garka za ta haihu kowa ya gani, maganar likita ta mutanen da ba su sha ruwansa ba ce.

Ita dai hankalinta bai kwanta ba. Ta ce mini a asirce, in Innarta ta kira ta ce ta zo, za ta roƙi Baba ya bar ta ta je ta haihu kusa da likita. Ni kuma ban ko kwana da maganar ba na kai masa.

Innar tata, Hajo, tana kira kuwa. Kusan kullum sai ta sa wani ya ɗaukar mata murya ya aiko. Tana cewa ta share ɗaki, ta tanadi itace da gero, don Allah Salamatu ta tuna abin da likita ya ce. Ina ji ina gogewa. Duk Juma'a Salamatu za ta tare ni bakin rijiya ta tambaya, in ce shiru Yaya, ba wanda ya kira. Sai ta yi ɗan murmushi ta ce ƙila aikin gona ne ya yi musu yawa.

Da ciki ya shiga wata takwas tsohuwar ta zo da kanta a amalanke, da ƙullin sabulu da zannuwa. Ni na tare ta a ƙofa. Na dubi tsabar idonta na ce 'yarta ta ce ba ta son ganinta, ta samu iyayen da suka fi ta. Ba ta zage ni ba. Ta miƙo mini ƙullin ta ce in ba Salamatu ko da ba za ta karɓa ba, ta juya tana share ido da bakin zane. Ƙullin nan ɗakin Baba ya tafi, Salamatu ba ta taɓa jin an zo ba.

Naƙuda ta kama ta da hantsi, wata Talata cikin kaka. Kafin azahar matan da ke kanta suka fara fitowa da tsummoki jajur. Moto ɗaya ne a garkar, nawa, makullin yana aljihuna. Isa ya zo mini a guje.

“Don girman Allah tashi mu kai ta, jini take zubarwa.”

Na ce sai Baba ya yarda. Muka same shi ƙarƙashin mangwaro yana ɓarar gyaɗa. Bai ko ɗaga murya ba, ya tambayi Isa ko shekara guda da ya yi a nan wasa ya zo yi, ko kuwa a ranar jarrabawa zai nuna wa jama'a ba shi da imani. Ya ce in aka fita da ita daga garka albarka ta tsinke, abin da ya same ta a wuyan mijinta. Ina kallo Isa, ƙaton mutum mai noma gona uku, ya sulale ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Na matsa kusa na ce a hankali, Baba, wannan fa ba irin wasan da muka saba ba ne, mutuwa za ta yi. Ya ɗago ya dube ni.

“In ka kai ta za su yi tambaya. Wa ya riƙe saluloli? Wa ya kori uwarta a ƙofa? Ni ka taɓa ganin na taɓa salular wani?”

Gaskiya ya faɗa. Duk ƙazantar da aka yi a garkar nan da hannuna aka yi ta, shi nasa hannun fes. Ashe ni da nake ganin tare muke cin mutane, ni ne wanda ya fi ɗaurewa tamau. Tsoro ya kama ni, tsoron jandarma, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Aka yi azahar ina nan tsaye. Ihunta na fitowa daga ɗaki, maza na tsugune a inuwa kowa na satar kallon ɗan'uwansa, ba mai son a ce ran Alhamis shi ya fara motsi. Na sa hannu a aljihu na damƙe makullin har ya huda mini tafi. Sau biyu ina ɗaga ƙafa ina mayarwa. Salamatu kuwa Inna take kira, ba Baba ba, ba Isa ba. Rana ta karkata, muryar ta fara dushewa, can wajen la'asar sai ɗakin ya yi tsit.

Wata tsohuwa Bakiristiya da ke kanta ta fito, hannuwanta duk jini, ta nufo ni kai tsaye. Ta ce in ba zan kai ta ba in kauce, ita za ta goya ta ta tafi da ƙafa, wanda zai kai ƙararta ya kai. Kunyar tsohuwar nan ce ta tada ni, ba jarumta ba. Na buga moto, aka ɗora Salamatu a bayana, Isa ya hau ya tallabe ta. Baba kuwa gyaɗarsa kawai yake ɓara.

Hanyar yashi ce, moto na ta kwasar gefe. Kanta na kan kafaɗata, ina jin ɗumin jini ta cikin rigata. Na juya baki ina ɗaga murya cikin iska.

“Yaya, Inna ta kira! Kullum tana kira. Ta zo har ƙofa, ni na kore ta!”

Na faɗa ya fi sau goma, ba ta amsa ba. Da muka isa gidan likita wata ma'aikaciya ta taɓa wuyanta, ta ɗaga fatar idonta, ta ce mun makara, ita da abin da ke cikinta duka.

Kafin jandarma su isa garka Baba ya tsallake iyaka, har yau ban ji an kama shi ba. Ni aka samu, da akwatin saluloli a ɗakina. Mutanen garka suka ba da shaida a kaina, kuma ko ɗaya bai yi mini ƙarya ba. Alƙali ya ba ni shekara biyar.

A gidan kaso na zauna da wani tsohon malamin lakwal mai yawan karatu. Da na ba shi labarin garka bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce azzaluman shugabanni da suka danne ƙasashe haka suka yi: su toshe labarin waje, su sa maƙwabci ya zama ɗan leƙen asirin maƙwabci, su sa kowa ya ɓata hannunsa don kada ya iya ja da baya. Ya ce shugaban shi kaɗai ba ya iya komai, sai ya samu irina. Na ji zafin maganar nan ƙwarai, kwana biyu ban yi masa magana ba.

Da aka sake ni, ban je gidanmu ba sai da na je Sarkin Yamma. Isa ya bar garin tuntuni. Na tarar da Inna Hajo a tsakar gida tana sussukar gero, ta tsufa ƙwarai, amma tana ganina ta gane ni. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama, sannan ta yi mini tambaya ɗaya.

“Da ka gaya mata na zo, ta ji?”

Ƙarya ta zo mini har baki, ƙarya mai daɗi wadda za ta sa tsohuwa ta yi barci. Na iya ta kuwa, sana'ata ce. Na haɗiye na ce, Inna, ban sani ba. Sai ta ce in tashi in tafi, ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba za ta yafe ba.

Yanzu kifi nake sayarwa a bakin tafki, ina roƙon Allah gafara safe da yamma. Ku kuma yara, ku ji da kyau. Duk wanda ya fara yabonku fiye da kima, ku duba me yake so a hannunku. Wanda ya ce ku ba shi salularku, ko ya ce danginku dauɗa ne, ko ya sa ku kai masa maganar ɗan'uwanku, ku tashi ku bar wurin a ranar, ko da carbi a hannunsa, ko da littafi. Kada kuma ku ce ai ni ɗan aike ne kawai, ba ni na yanke hukunci ba. Ni ma haka na ce, tun daga azahar har la'asar, alhali tsakanin garkar nan da gidan likita bai kai tafiyar rabin awa ba.