Jan Layin da Bai Fito a Takardar Auta Ba

A ofishin zanen gine-ginen da take aiki, ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Madam Tsaf ake ce mata, kuma ta ci sunan. Tun zamanin fensir da rula take zane, kuma tun lokacin ba ta son tarkace. A gida ma haka take: in aka ce ga baƙi nan, kafin su cire takalmi ta tura kwandon wanki ƙarƙashin gado, ta cusa kayan wasan jikoki bayan ƙofa. Mijinta kan ce ita ba share ɗaki take yi ba, ɓoye shi take yi.

Da kwamfuta ta zo, sai ta samu abin da ya dace da halinta. Zanen ginin ɗaya ne a ciki, amma hawa-hawa ake yin sa, kamar an jera takardu masu shara-shara ɗaya bisa ɗaya: bango da nasa hawan, bututun ruwa da nasa, wayar wuta da nata. Leya suke ce wa kowane hawa. In za a fitar da takardar aiki, sai a buɗe taga a kan zanen, kuma kowace taga ana iya ɓoye mata leyar da aka ga dama ba tare da an taɓa sauran tagogin ba. A nan Madam Tsaf ta yi fice. Mai famfo ba ya ganin komai sai bututunsa, kafinta sai katakon rufinsa.

"Ka ba mutum abin da zai yi aiki da shi," in ji ta, "kada ka cika masa ido."

Babu mai yarda da takardunta kamar ƙaninta Auta, direban katafila. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta ja kunnensa har ya koyi tuƙi. Yanzu magidanci ne da furfura a gemu, amma in ya ga sa hannun yayarsa a ƙasan takarda, ba ya ƙara tambayar kowa. Inda ta ce a haƙa, nan yake kafa haƙoran motarsa.

Ran nan da hantsi tana shan shayi, injiniyan ofishin ya leƙo.

"Madam, kin nuna wa ƙaninki babban kebul ɗin wutar nan, ko? Yau suke haƙa ramin sabon sito, ta gefen taransifoma."

"Ga shi nan kana gani," ta ce, ta nuna masa allon kwamfuta. Jan layi ne mai kauri, ya ratsa kusurwar ramin.

Ya tafi. Ita kuwa haka kawai ta jawo kwafin takardar da ta ba Auta, don ta ji daɗin ganin aikinta. Takarda fes, ba abin kushewa. Ba kuma jan layi.

Ta shiga tagar da ta fitar da takardar, ta duba leyar wuta: a ɓoye. Nan take ta tuna. Mai ginin ne ya nemi zane mai kyau da zai rataye a bango, ta yi masa taga ta kawar da wayoyi da bututu duka. Da ta zo yin ta Auta, sai ta kwafi waccan tagar saboda ma'auninsu ɗaya, tagar kuwa ta taho da abin da aka ɓoye mata. A allonta kebul na nan, a takardar kowa yana nan, sai ta mutum ɗayan da zai soka ƙarfe a ƙasa.

Ta kira Auta. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake. Ta san dalili: in katafila na aiki, ko aradu ce ta faɗi Auta ba zai ji ba. Ta kira helima, shugaban leburorin wurin, aka ce wayarsa a kashe take. Injiniya na cewa bari ya nemi mutanen lantarki su yanke wuta, ita har ta kai bakin titi ta tare mai babur, ita da ta rantse ba ta ƙara hawa babur tun da gwiwa ta fara damunta.

"Ɗana, ka yi gudu. In mun faɗi, ni na sa ka."

Tun daga ƙofar filin ta ji rurin motar. Ramin ya yi tsawo, ya kusa kusurwa. Ta yi ihu, ta ɗaga takarda, leburori suka bi ta da kallo. Bokitin katafilar ya juye ƙasa a gefe, ya juyo zai koma. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta zame ta faɗa cikin ramin, ta tsaya a ƙarƙashin bokitin da hannu sama.

Bokitin ya tsaya cak. Auta ya diro yana haki.

"Yaya! Kin haukace ne? Saura kaɗan in kwashe ki!"

"Kashe ta. Akwai wuta a ƙasa."

"Wace wuta? Babu ita a takardarki."

"Ni na ɓoye ta."

Helima ya kawo shebur ya shiga kankarar ƙasa a hankali, kusa da ƙafarta. Bai yi nisa ba sai ga kebul, baƙi, kaurinsa ya kai damtse, da sabon karce a jikin robarsa inda haƙorin bokiti ya shafe shi. Auta ya zauna daɓas a kan tarin ƙasa, ya ciro takardar daga aljihu ya daɗe yana kallonta.

"Ban ma yi tunanin komai ba, Yaya," ya ce. "Sa hannunki na gani."

Da zagi ya yi mata, da ya fi mata sauƙi.

Tun daga ranar ta sauya. Ba ta ƙara kwafar taga, kuma wayar wuta tana fitowa a kowace takarda, har ta mai fenti. Abokan aiki na tsokanarta wai Madam Tsaf ta koyi ƙazanta da tsufa. Ba ta kula su.

Da aka fara aiki na gaba, ta biya ta filin da kanta. Ta tarar da katafila a kashe. Auta na tsaye da takardarta a hannu, wani mutum na tafe a gabansa yana shafa ƙasa da na'urar gano waya, shi kuma yana bin sa taku-taku. Da ya gan ta ya rusuna ya gaishe ta kamar kullum, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ba wai ban yarda ba ne, Yaya."

"Ka yi daidai," ta ce. "Kada ka daina."

Har cikin zuciyarta ta faɗi haka. Amma sai da ta fita daga filin, ta sha kwanar katanga inda ba zai gan ta ba, sannan ta tsaya ta share idonta da gefen mayafi.