Dubiya ta Taga

Karo na biyu ke nan aka dawo da mu daga Kano ba a yi wa Umma ƙarin ruwan maganin ba. Sankarar mama ce ke damunta, kuma maganin a jere ake son sa, ba tsallake. Likita ya duba sakamakon jini ya ce sojojin jikinta sun yi ƙasa, in aka ɗura mata a haka maganin zai fi ciwon illa. Ya ce mu koma gida mu dawo wani makon, amma ko mura kada ta kama ta. Ya tambaye ni ko mutane na yawan shiga wurinta. Dariya ta kusa ƙwace mini, don na san bai taɓa ganin gidana na Yalwawa ranar Juma'a ba.

Tun da na ɗauko Umma daga ƙauye, ɗakinta bai taɓa zama babu mutum ba. Dangin mahaifina daga Taura mota guda suke cikowa, da goyo, da ƙwaryar fura, da kajin da za a yanka wa maras lafiya amma 'yan dubiya su cinye. Kowa sai ya riƙe hannunta, wani ya tofa addu'a a ruwa ya ce ta shanye. Alheri ne, na sani, amma a makon nan duk wanda ya yi sallama gabana faɗuwa yake yi.

Sai na zama mai gadi. Na sa kujera a bakin ƙofa, na karɓi gaisuwa, na ce tana barci. Ba a jima ba magana ta zaga dangi cewa boko ya ɓata ni, na ɓoye uwata kamar kayan sata. Na ji haushi ƙwarai, amma ban tashi daga kujerar ba. Da safe in taɓa goshin Umma, da rana in taɓa, har ta ce in ƙyale mata goshi kada in goge shi.

Ana saura kwana biyu mu koma, sai ga Inna, yayar Umma da ta raine ta tun rasuwar kakarmu. Daga Buji ta taso ita kaɗai, tsohuwar da ko kasuwa ta daina zuwa. Tun daga soro na ji tarinta, mai nauyi, irin wanda ke fitowa daga ƙirji. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa, na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya gaya mata abin da likita ya ce. Ban taɓa hana babba komai ba a rayuwata, ga shi zan fara da ita.

Ta dube ni ta ce, “To 'yar nan, in ta mutu ban gan ta ba fa?”

Ba wanda ya taɓa furta wannan kalma a gidan sai ita. Na dai ce, “Ki yi haƙuri, Inna. Ba zan iya bari ki shiga ba.”

Na ɗauka za ta yi fushi ta juya. Sai ta ce in shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, daidai tagar ɗakin. Na ja tabarmar baya, ta jawo ta gaba, na sake ja, ta harare ni ta bar ta nan. Umma ta dafa bango ta zo bakin taga. Suka yi ta hira da ƙarfi kamar masu faɗa, kan tunkiyar da ta haihu da geron da tsuntsaye suka ɓata. Can Umma ta zare ɗankwalinta, ta nuna mata kanta da ba ko silin gashi, abin da ko ni sai a ɓoye nake gani. Inna ta ce ai dama gashin nan wahala yake ba ta wajen kitso, yanzu an huta. Suka yi dariya, dariyar Inna ta koma tari, ni kuwa ina tsaye ina auna tazarar da ke tsakaninsu da ido, ina duba ina iska ke kaɗawa.

Da sassafe ranar komawa muka shiga mota. Goshin Umma lafiya, na gode wa Allah. Mun wuce Gaya, mun kusa Wudil, sai Umma ta yi tari. Ta yi sauri ta rufe baki da mayafi, ta ce yawu ne ya sarƙe ta, ba ta ko kalle ni ba. Na ɗora tafina a goshinta. Wannan karon ba ta ce in cire ba, har muka shiga Kano.