Daminar da Hanyarmu ta Yanke

A shekara ta biyu da aka turo ni aikin likita a wani ƙauye tsakanin Dungas da Mallawa, iyalina suna Magariya. Ban kawo su ba saboda yaran suna lakwal, wato makaranta, a can. Duk Juma'a da la'asar nakan rufe ɗakin shan magani, in hau kabu-kabu, babur ɗin haya, in je in gan su, Lahadi in dawo.

Hanyar ta jar ƙasa ce, an zuba ta tun kafin zuwana. Mutanen garin suna ba da labarin shekarar da aka yi ta kamar labarin biki. Motocin ƴan kasuwa daga Najeriya suna shigowa har gindin rumbu su ɗauki wake, mata suna tuyar ƙosai a bakin titi. Amma tun da masu aikin suka kwashe injinansu ba wanda ya sake kula da ita, sai wani tsoho.

Tsohon nan ya yi aikin gyaran hanya tun yana saurayi, har ƙarfi ya ragu aka sallame shi. Ba wanda ya sa shi, amma kullum da hantsi sai ya ɗauki shebur da kwando ya bi ramuka yana cikewa. Bayan azahar ya biyo ta wurina mu sha shayi a inuwar darbejiya. A garin shi kaɗai ne yake zuwa wurina ba don ciwo ba.

Wata rana ya ce mini, "Likita, ka san magudanar nan da ke ƙarƙashin hanya a cikin kwari? Yashi ya toshe ta. Ni kaɗai ba zan iya haƙe ta ba. Kai da ka iya biro, ka rubuta wa hukuma."

Na ce, "To Baba, zan rubuta."

Na rubuta, maigari ya sa hannu, aka kai. Muka yi ta jira, shiru.

Tsakiyar damina aka yi wani ruwa mai ƙarfi. Da ya rasa inda zai bi ta ƙasa sai ya hau kan hanyar, ya cinye ta a kwarin, ya bar rami da ya fi tsawon mutum zurfi. Mota ta daina zuwa. Masu kabu-kabu suka ce zagayen ya yi nisa, laka tana kashe musu inji. Matan ƙosai suka nannaɗe tabarminsu.

Na yi makonni ban ga iyalina ba. Garin kuwa kowa yana gona, da rana ba ka jin komai sai kukan tattabaru. Nakan zauna a baranda in kalli jar hanyar, ba ko ƙurar jaki. Ranar Juma'a ta fi kowace nauyi. Sai in hau tudun bayan gari, inda waya take kamawa, in kira gida. Ƙaramar ƴata ta tambaye ni ko na yi fushi da su ne. Na ce a'a, hanya ce ta lalace. Ta ce to in zo da ƙafa.

Cikin wannan hali tsohon ya kwanta. Ƙirjinsa ya cika, numfashi yana yi masa wuya, maganin da ya rage a hannuna kuma ba zai ishe shi ba. Na ce dole a kai shi Dungas. Ƙaninsa ya ɗaura shanu a amalanke, muka shimfiɗa masa katifa, na zauna kusa da kansa riƙe da laima. Muka bi ta cikin gonaki, gero yana shafar mu ta kowane gefe. Da muka zo daidai kwarin sai ya ce a tsaya. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya daɗe yana kallon ramin.

"Da mutum goma sun ba ni yini ɗaya," in ji shi, sannan ya koma ya kwanta.

Tafiyar da babur kan yi kafin shayi ya nuna, mu sai da rana ta karkata muka isa. An karɓe shi, Allah ya sa ya samu sauƙi. Amma ɗansa da ke zaune a Najeriya ya zo ya tafi da shi daga asibitin, ya ce ba zai sake barin mahaifinsa a garin da mota ba ta shiga ba. Ban samu na yi masa sallama ba, don washegari na koma bakin aikina.

Sai bayan kaka aka kawo injina aka cike kwarin. Motocin wake kaɗan ne suka dawo, don ƴan kasuwa sun riga sun saba da wasu garuruwa, samarinmu da yawa kuma sun bi su can. Na ƙara shekara ɗaya a ƙauyen kafin a mayar da ni kusa da gida.