Kwano Ɗaya a Zurmi

Shekarun baya, ina zaman jiran sakamakon jarrabawar gama sakandare a Kaura Namoda, ƙawata ta ja ni cikin wata ƙungiyar matasa masu wayar da kai kan cutar ƙanjamau. Samari ke kiɗan kalangu a bakin kasuwa, mu 'yan mata kuwa cikin gidaje muke shiga, wurin biki ko suna, da kiɗan ƙwarya. Wata nas Kirista 'yar kudu da ke aiki a garin ita ke koya mana gaskiyar cutar, mu kuma mu mayar da ita waƙa. Mahaifina malami ne, sai da mahaifiyata ta kwana uku tana lallashi kafin ya ce, "In dai tsakanin mata ne, kuma babu ƙarya a baitin, ta tafi."

Ni ba murya gare ni ba, rawa kuwa in na taka sai ka ce kiyashi nake kashewa. Amshi ne nawa, kuma na riƙe shi da girman kai kamar ni na tsara waƙar.

Damina ce, lokacin hanya lafiya lau. Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar Shinkafi, gero ya fi mutum tsawo, iska na kwantar da shi tana tayarwa, mu a bayan mota da ƙoren a cinya. Nakan yi gyangyaɗi a kafaɗar ƙawata, ina jin kamar muryoyinmu ne ke fitowa daga rediyon direba.

Wata rana aka kira mu suna a Zurmi. Muka kifa ƙwarya a ruwa, tsakar gida ya ɗauka, har tsofaffi suka miƙe. Ina ta amshi: "Kwano ba ya ɗaukar ta, gaisuwa ba ta ba da ita." Da aka raba abinci sai na hangi wata mata zaune ita kaɗai a inuwar rumbu, an ɗaura wa moɗarta jan zare don kada wani ya sha da ita. Ta yafito ni.

"Ɗiyata, abin da kunka ce, gaskiya ne ko daɗin waƙa?"

Na ce, "Gaskiya ne, Inna."

Ta ce cutar ce ajalin mijinta, ita ma tana karɓar magani a asibiti, kuma shekara biyu ke nan ba wanda ya sa hannu a kwanonta. Sai ta turo mini kwanon a hankali. "To, bismillah."

Ni da na yi wata uku ina rera wannan baiti, sai hannuna ya ƙi tashi. Na tsaya ina kallon tuwon geron, ina jin kiɗan can nesa kamar daga wani gari. Sai matar ta fara janye kwanon.

Nas ɗinmu ce ta iso. Ta wanke hannu, ta zauna a tabarmar, ta yanki loma. "Mama, wa ya kaɗa miyar nan? Daddawa ta ji." Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na sa hannu, na kai loma baki. Matan tsakar gida suka juyo suna kallonmu. Can sai ƙanwar mijin matar ta taso da goyo a baya, ta zauna nesa kaɗan, sannan ta matso.

Ban sake ganin matar ba. Sakamako ya fito, ƙungiya ta watse, hanyar ma yanzu sai da addu'a.

Abin da na koya a ranar shi ne, baki na riga zuciya sanin gaskiya, wani lokaci da nisa sosai. Na daina yi wa masu tsoro kallon jahilai, don na san yadda hannu ke nauyi. Abin da ya fi zama mini shi ne ita matar ba ta ci ba. Hannuwanmu kawai take kallo suna shiga suna fita, can ta ce ƙasa-ƙasa, "Ku ci sannu, kada ya ƙare da wuri."