Taliyar da Labaran Direba Ya Kawo daga Kano

Labaran Direba ɗan shekara hamsin da biyu ne, shi ke jan motar gyaɗa ta Alhaji Ɗanmusa tsakanin Dutsin-Ma da Kano. A Kurfi aka haife shi. Da jakuna ya fara sufuri, yana kai hatsi kasuwannin ƙauye, sai bayan yaƙin duniya ya koyi tuƙi a Funtuwa. Matarsa ɗaya ce, Zinariya, 'ya'yansu mata biyu duk sun yi aure. Ba shi da yawan magana. A tasha ana cewa wanda ya zauna gaban motarsa, har Kano ƙarar inji kawai zai ji.

Da damunar 1965 Zinariya ta kwanta da ciwon ciki, abinci ya fita ranta. Da kaka ta yi ya kai ta asibiti a Kano. Likita ya ba da magani, ya ce a mayar da ita gida, a dai samu ta riƙa cin wani abu.

A wannan tafiyar ce ya haɗu da Enoch, wani akawu da ya taɓa aiki a Dutsin-Ma, ya koma wani babban kantin Turawa a Kano. Da Enoch ya ji halin da ake ciki, sai ya ja shi ɓangaren abinci na kantin. Wurin akwai sanyi, ga gwangwanaye jere har sama, ga nama a bayan gilashi. A wata kusurwa wata 'yar ƙasar Sin, matar wani ma'aikacin masana'antar kwanuka, tana soya taliya siririya a kasko mai zurfi, masu saye suna tafiya da ita gida. Labaran ya tambayi wanda ya yanka naman, ba wanda ya sani, don haka ya ce a yi masa da ƙwai da kabeji kawai. Zinariya ta cinye ta tas a gaban mota kafin su kai Bichi. Rabonta da cin abinci haka tun kafin shuka.

Bayan sun dawo sai jiki ya ƙara tsanani. Daga tuwo ta koma kunu, daga kunu ta koma ruwa. Inno, yayar Labaran, wadda mijinta ya rasu, ta zo daga Kurfi ta zauna jinya. Maƙwabta kuma ba su fasa aiko da abinci ba: fura daga wannan gida, fate daga wancan. Zinariya ba ta taɓa ko ɗaya. Kwanukan mutane suka taru a gindin rumbu.

Wata safiya yana shirin fita da lodi, Zinariya ta kira shi.

“Malam, in ka bi ta kantin nan, ka ce wa matar ta rage gishiri.”

Ya ɗauki kwano mai murfi ya sa a mota.

A Kano ya sauke gyaɗa, ya tafi kantin da ƙafa. Enoch ya gan shi da kwano ya yi dariya, ya ce mutumin tuwon dawa ya zama ɗan birni, saura ya koyi ci da tsinke. Labaran ya ce ba shi zai ci ba. Enoch ya daina dariya, ya je da kansa ya yi wa matar bayani da Turanci. Ta cika kwanon har baki. Labaran ya naɗe shi da bargo, ya ajiye kusa da inji don kada ya huce. Bai tsaya shan fura a Kankiya ba kamar yadda ya saba.

Da la'asar ya iso gida, Inno ce a tsakar gida. Labaran bai taɓa ambaton matarsa a gaban yayarsa ba, balle ya ce ga abin da ya kawo mata ita kaɗai. A gidan da suka tashi ba a yin haka. Ya miƙa mata kwanon ya ce ga tsarabar Kano, ya fita ya mayar wa Alhaji mota.

Inno ta leƙa ɗaki ta ga mara lafiya na barci. Ta buɗe kwanon ta ga abin maiƙo, ta tabbata wadda ba ta iya shan kunu ba za ta taɓa shi ba. Sai ta wanke kwanukan maƙwabta, ta zuba kaɗan-kaɗan a kowane, ta sa mayafi ta rarraba da kanta.

Bayan magariba Labaran ya dawo ya tambayi kwanon. Inno ta nuna masa shi a bakin murhu.

“Kwanukan mutane fa, Labaran. Tun yaushe suke nan, in mayar musu wayam? Yau dai mun fita kunya.”

Ya ce haka ne, Yaya. Ya ɗauki kwanon ya shiga ɗaki. Abin da ya rage 'yan silin taliya ne manne a gindi da ɗan kabeji. Zinariya ta duba ciki, ba ta yi tambaya ba. Ta sa yatsa ta kwalfato, ta tauna a hankali, ta ce wannan karon gishirin ya yi daidai. Ta nemi ruwa. Ya ce mata zai koma Kano da lodi na gaba.

Kafin a haɗa lodi na gaba ta rasu, ranar wata Talata da hantsi. Inno har yanzu ba ta san wa aka sayo wa abincin ba, shi kuma bai faɗa mata ba.

Jiya, bayan an yi sadakar bakwai, Labaran ya bi gidajen unguwa yana godiyar ta'aziyya. A ƙofar Malam Sabitu maƙwabcinsa, bayan sun yi addu'a, Sabitu ya ce ai bai ma yi masa godiyar tsarabar Kano ba. Ya ce iyalinsa sun buɗe sun ga abu kamar tsutsa, ba wanda ya yarda ya ɗanɗana, sai uwargidansa Lauratu ta watsa wa kaji.

“Su kam sun ji daɗinta,” in ji Sabitu.

Labaran ya ce madalla. Ya sa takalmansa, ya wuce gida na gaba ya yi sallama.