Ranar da Na Ce a Wanke Duka

Bana shekara tara ke nan da rasuwar aminina Sale Mai Hoto, kuma sai bara na tafka wautar da na san da yana raye sai ya yi mini dariya har hularsa ta faɗi.

Sale ya shekara talatin yana ɗaukar hoto a bakin iyakar Jibiya, kusa da shingen 'yan duwan, wato kwastan. Direbobin Maraɗi, masu neman hoton takardar tafiya, angwayen Riko da Mazanya, duk sun tsaya gaban baƙin ƙyallensa. Ni ɗan kamasho ne a tasha, karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, can ma barci na fi yi. Amma da na sayi waya mai hoto, sai na zama malami. Nakan ce masa zamaninsa ya wuce. Shi kuwa ya ce, "Audu, hoton da ba a wanke ba ba shi da maraba da mafarki."

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Ni kaɗai na sace shi a wayata, yana shan shayi, yana hararata.

Bara ɗiyarsa Hadiza, da ke aure a Maraɗi, ta aiko cewa tana son hoton don ɗanta ya ga kakan da ya ci sunansa. Wayar ta soma shirme, sai na kai wa mai gyara. Ya dudduba ya ce, "Baba, in wanke ta duka?" A wurinmu mutanen da, wanke hoto shi ne a fito da shi a takarda. Na ce, "Wanke duka, kar ka bar ko ɗaya!" Ai kuwa bai bari ba. Ashe wankinsu na yanzu sharewa ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ko me Sale zai ce da ya ga yau, kowa da dubun hotuna a aljihu, bango kuwa wayam? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Kujera zai jawo maka, ya gyara maka wuyan riga, ya ce ka ɗaga haɓa.

Na bi gida gida ina cigiyar hoton Sale. Ban samu ba. Amma hotunan da ya ɗauka na nan ƙarƙashin katifu da cikin kwanonin jere, ko kusurwa ba ta dushe ba. Mutane da yawa a hotunan nan kaɗai suke ganin iyayensu. A wani hoton direbobi da ya ɗauka da hantsi, rana na bayansa, sai ga inuwarsa kwance a ƙasa, hula a karkace, gwiwar hannu a ɗage. Iyakar abin da ya rage na surarsa ke nan, kuma a bakin aiki yake. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da Hadiza ta zo na miƙa mata hoton direbobin da na roƙo, na nuna mata inuwar. Ta daɗe tana kallo, ta jawo yaron kusa da ni, ta ce, "Baba, kai da ka fi kowa zama da shi, dube shi da kyau. Idanun nan nasa ne?"